Daga Gidan Haya a Tudun Wada Zuwa Ɗaki Biyu a Bayan Tumfure

A watan Janairun 2021 ne mai gidan da nake haya a Tudun Wada, cikin garin Gombe, ya aiko babban ɗansa bayan sallar isha'i da saƙon cewa kuɗin ɗaki biyu da falon da muke zaune a ciki zai tashi daga naira dubu 120 zuwa dubu 150 a shekara. Ban yi jayayya ba, domin dattijo ne mai mutunci wanda ya sha ɗaga mini ƙafa idan albashi ya yi jinkiri, kuma na san shi ma da kuɗin hayar nan yake ciyar da nasa iyalin. Amma bayan yaron ya tafi sai ni da matata muka zauna muka lissafa abin da muka biya a shekara tara da muka yi a gidan, muka ga ya doshi naira dubu 800, alhali ko ƙusa ɗaya da ke jikin bangon ba tamu ba ce. A daren ne muka ƙudiri aniyar neman muhallin kanmu. Ni malamin sakandare ne, albashina a lokacin bai cika naira dubu 80 a wata ba, muna da yara huɗu, ita kuma tana ɗinki a cikin gida. Tun daga ranar na ware wani littafi nake rubuta kowane kwabo da ya fita saboda wannan buri, kuma daga cikinsa na ɗauko duk alƙaluman da suka shafe ni a wannan rubutu.

Da farko gida ginanne na sa a raina, saboda ina ganin mutum ya biya ya tare ya fi masa kwanciyar hankali da ya tsaya a kan magina. Na samu wani dillali ta hannun abokin aikina, muka yi Asabar uku muna zaga gari a kan mashin ɗina. Federal Low Cost da New GRA ko tsayawa ba mu yi ba, domin shi da bakinsa ya ce, "Malam, kada mu ƙona manka a banza, can ba namu ba ne." A Pantami da Bolari ya nuna mini tsofaffin gidajen ƙasa waɗanda aka yi wa shafen siminti, wasunsu a lungun da mota ba ta shiga, ana neman naira miliyan 4 zuwa 6. A Tumfure kuwa ya kai ni wani sabon gida mai ɗaki uku da falo, an sa masa tayil da silin, aka ce miliyan 12 kuma ba ragi. A tsaye a tsakar gidan na raba kuɗin da albashina, na ga wata 150 ke nan, wato shekara goma sha biyu da rabi, idan har ba mu ci ba, ba mu sha ba, ba a kuma biya wa yaro ko ɗaya kuɗin makaranta ba.

Daga nan na nemi bayani a kan rancen gida. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da doka a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi, inda ake cire wa ma'aikacin da ke cikin tsarin kashi 2.5 cikin ɗari na ainihin albashinsa kowane wata, shi kuma ya samu damar neman rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya a tsawon lokacin da zai iya kaiwa shekara 30. Idan aka gwada da bankunan kasuwanci, waɗanda ruwansu ya ninka wannan sau da yawa, tsari ne mai sassauci ƙwarai. To amma da na zauna da biro da takarda sai na ga rancen miliyan 10 na shekara 25 yana bukatar biyan kusan naira dubu 64 duk wata, alhali ƙa'idar masu ba da lamuni ita ce kada biyan ya wuce sulusin abin da mutum yake samu. Sulusin albashina bai iya ɗaukar fiye da rancen miliyan 4 ba, ga kuma sharaɗin cewa gidan ya kasance yana da cikakkun takardun gwamnati, abin da mafi yawan gidajen cikin lungu ba su da shi. Bayan wannan duka, maganar ruwa a kan bashi ba ta kwanta mana ba, ni da matata, saboda addini. Muka rufe wannan babi, muka koma neman fili.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan dalilin da ya sa ƙasa ta yi wannan daraja a Gombe, domin na daɗe ina juya abin a raina. Kafin 1 ga Oktoban 1996, lokacin da aka cire jihar daga tsohuwar jihar Bauchi, Gombe garin kasuwanci ne da auduga da tashar jirgin ƙasa. Da ta zama babban birnin jiha sai ma'aikatu da ma'aikatansu suka sauka a lokaci guda. Aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, wadda da yawa daga cikin ma'aikatanta a cikin Gombe suke kwana, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya. Jihar tana iyaka da dukkan sauran jihohin Arewa maso Gabas guda biyar, saboda haka lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a Borno da Yobe, nan ne wuri mafi kusa da iyalai da 'yan kasuwa masu yawa suka nufa, wasunsu da jarinsu a hannu, kuma da dama ba su koma ba. A kan wannan duka sai aka ƙara da masu hali da suka gane cewa naira tana narkewa a banki, ita kuwa ƙasa ba ta ruɓewa kuma ba ta neman abinci, suka riƙa sayen fuloti goma ko ashirin suna zagaye su da katanga suna ajiyewa. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin mai neman wurin da zai sa haƙarƙarinsa yana takara ne da mutumin da ba shi da niyyar aza ko bulo ɗaya a wurin. Sakamakon haka gari ya cika ya tumbatsa, ya malala cikin ƙasar ƙaramar hukumar Akko, gonakin da aka san su da gero da wake suka koma unguwanni.

A watan Maris na 2021 dillalin ya nuna mini wani fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, a gefen Tumfure, ba nisa da kwalta sosai, aka yi masa kuɗi naira dubu 700. Wurin ya kwanta mini, amma a lokacin dubu 90 kawai nake da su. Na shiga adashin mutum goma a makarantarmu, kowa yana zuba dubu 25 a wata, na roƙi arzikin a ba ni kwasar ƙarshen shekara domin ta haɗu da kuɗin bijimai biyu da nake kiwo a ƙauye wurin ƙanina. Matata kuma, ba tare da na nema ba, ta fito da 'yan kunnenta na zinari da mahaifiyarta ta ba ta ranar aure ta ce a sayar. A watan Disamba kuɗi suka cika dubu 700 cif. Na kira dillalin da murnata, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce an sayar da filin tun da damina a kan dubu 850, kuma wanda ya saya ya sake sa shi a kasuwa a kan miliyan 1 da dubu 100. Wata tara na yi ina tara kuɗi, a cikin wata taran nan farashin ya ƙaru da dubu 400, wato fiye da abin da adashina ya tara mini gaba ɗaya.

Wannan takaici ne ya kusa jefa ni cikin asara. A watan Fabrairun 2022 wani dillali na daban ya kai ni wani fili a cikin gari sosai, kusa da makaranta da masallaci, ga turakun wutar lantarki har ƙofar maƙwabta, aka ce dubu 600. Ban yi wata-wata ba na ajiye dubu 50 kafin alƙalami. Allah ya sa kafin in cika kuɗin na ɗauko kawuna, wanda ya yi shekaru yana aikin gini kafin ƙarfinsa ya ragu, domin ya sa albarka. Da muka isa bai ko kalli filin ba, sai ya wuce bayansa yana dogara sandarsa, muka bi shi har bakin wani kwari da na ɗauka ƙaramar hanyar ruwa ce. Zurfinsa ya fi tsayin mutum uku. A ɗaya gefen akwai wani gida da rabin bayan gidansa ya rufta, bututun roba yana reto a sarari, ga saiwoyin wata bishiyar maina duk a waje kamar an tone su da gangan. Kawu ya auna daga bakin kwarin zuwa kusurwar filin da takunsa, ya samu taku 28. Sai ya yi sallama da wani tsoho da ke alwala a ƙofar gidansa, ya tambaye shi inda bakin kwarin yake shekara uku da suka wuce, tsohon ya nuna wani wuri da a yanzu yake tsakiyar ramin.

Dillalin ya ce, "Baba, ai gwamnati za ta zo ta yi aikin wurin." Kawu ya amsa masa da cewa, "Allah ya kawo ta, amma ɗana ba zai kwana da jikokina a nan yana jiran ta ba." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Araha ba ta ado. Wanda ya sayar maka da wannan, damina yake gudu." Garin Gombe a kwance yake a gindin tudun Akko, ƙasarsa kuma rairayi ce, shi ya sa duk ruwan da ya sauka a saman tudu yake gangarowa da ƙarfi yana yankan unguwanni. An yi manyan ayyukan tare zaizaya a wasu wuraren, kamar kwarin da ya bi ta Jami'ar Jiha da Malam Inna zuwa Kagarawal, kuma mutanen da ke wajen sun samu sauƙi, amma kwaruruwan suna da yawa. Na janye daga cinikin, aka maido mini dubu 30 daga cikin dubu 50 bayan zirga-zirga ta mako uku, na haƙura da sauran.

Sai a watan Yunin 2022 muka dace. Wata gona ce ta gado a can bayan Tumfure, ta hanyar Bauchi, wadda magada suka yanka fuloti-fuloti, daga kwalta zuwa wurin tafiyar kusan minti goma ce a kan mashin cikin rairayi. Babu wuta, babu famfo, gidaje huɗu ne kacal a tsaye a duk faɗin wurin, amma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma Kawu ya zaga ta ya ce bai ga alamar hanyar ruwa ba. Aka tsaya a kan dubu 750. A wannan karon na ƙi fitar da ko sisi sai da na ɗauki safiyo ya auna wurin ya fitar da lambobinsa, na kai ofishin GOGIS, hukumar da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa domin tattara bayanan filayen jihar a kwamfuta, aka duba mini ko wurin ya faɗa cikin wani shiri na gwamnati ko hanyar da za a fitar nan gaba. Mutane da yawa ba su san cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna ba, kuma abin da mutum yake samu haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. Takardar da aka rubuta a zaure shaida ce ta ciniki tsakaninka da mai sayarwa, amma ba ta hana a zo a shafa wa katangarka jan fenti idan ka yi gini a kan hanya.

Ranar biyan kuɗi mun taru a zauren Jauro, wato mai unguwar wurin, bayan la'asar: ni da Kawu da abokin aikina a matsayin shaiduna, maza uku daga cikin magada, dillali, da mutum biyu masu iyaka da filin. An shimfiɗa tabarmi, an karanta takardar cinikin da ƙarfi, har na ciro kuɗin daga jaka, sai Jauro ya ɗaga hannu ya tambayi babban magajin, "Ku nawa mahaifinku ya bari?" Ya ce su biyar ne. Jauro ya ce, "To ina matan?" Ya amsa, "Ranka ya daɗe, sun wakilta ni." Jauro ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji daga bakinsu. Aka aika aka kira ɗaya daga cikin gida, ta tsaya daga bayan ƙofa ta ce ta yarda. Ɗayar tana aure a Kumo, aka buga mata waya aka buɗe murya kowa yana ji, Jauro ya faɗa mata farashin da girman filin, ta yi tambaya biyu a kan kasonta, aka ba ta amsa, sannan ta ce ta amince. Wannan jinkiri na rabin awa ya fi mini duk wani hatimi da aka buga a takardar, domin na san mutanen da suka gina gida suka tare, bayan shekaru wata magajiya da ba a shawarta ba ta kai ƙara kotu. Aka ƙirga kuɗi, kowa ya sa hannu, aka yi fatiha. La'adar dillali kashi 5 cikin ɗari, da kuɗin safiyo da turakun iyaka na siminti, da na takardu da ɗan abin da aka ba shaidu, sun ci mini wata dubu 130 da ban sa a lissafi ba tun farko. Na buɗe fayil na neman takardar mallaka ta gwamnati, wadda kowa ke kira C of O, sai dai har yau ban kammala biyan abin da ke kaina ba, saboda duk kuɗin da ya shigo gini ne yake haɗiye shi.

Ginin da muka zana ɗaki uku ne da falo da kicin da bayan gida biyu. Abu na farko da maginin ya sa na yi shi ne ƙaramin tankin ƙasa na siminti, domin a wannan tudu ruwa yana da nisa sosai, haƙa rijiyar burtsatse ta fi ƙarfin mutum ɗaya irina, duk ruwan da za a kwaɓa siminti da shi sai an sayo a tanka. Bayan kakar 2022 na sayar da masara da waken da na noma a ƙauye, na haɗa da kwasar adashi, na sayi siminti buhu 60 a kan naira 4,300 kowane buhu. Maginin ya hana ni sayen bulo na kasuwa, ya ce masu bugawa da yawa suna matsa buhu ɗaya ya fitar da bulo 50 ko fiye, shi kuwa ba ya yarda a wuce 35. Aka buga mana bulo kusan 2,100 a filin, ni da babban ɗana muka riƙa zuwa da asuba muna ba su ruwa har mako guda. Aikin tushe ya faɗo a farkon 2023, daidai lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a hannun jama'a. Leburori ba su karɓar tiransifa, masu POS kuma suna cire kaso mai nauyi, har akwai ranar da na biya mutum biyu ladan aikinsu da kwanon masara saboda ita suka fi bukata a ranar.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Ban fahimci yadda wannan zai shafi ginina ba sai da na kira mai tifa ya kawo yashi, ya faɗa mini sabon farashi, ya ƙara da cewa nisan wurina da rairayin hanyar suna da nasu kuɗin daban. Rodi da kwano da ƙusa duk suka bi dala. Aiki ya koma sai ƙarshen wata: in albashi ya shigo a sayi buhu biyar ko shida, a aza layi biyu ko uku na bulo, a dakata.

Ranar da ba zan manta da ita ba tana cikin Fabrairun 2024. Yawancin ginin ya kai linta, na karɓi rancen dubu 200 marar ruwa daga ƙungiyar taimakon juna ta malamanmu, na nufi shagon da na saba sayen siminti da lissafin buhu 35 a raina, bisa farashin da na bari a watan Disamba. Na tarar da mutum shida a tsaye a ƙofar shagon, babu mai magana, mai shagon yana zaune a kan benci da waya a kunne. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Malam, dubu goma da ɗari biyar. Kuma wannan farashin yanzu ne, na yamma ban san shi ba." Na ce masa, "Alhaji, ko dai ban ji daidai ba?" Ya juyo mini da fuskar wayarsa ya nuna mini saƙon da dila ya turo masa, ya ce shi kansa tsoron sayarwa yake yi domin bai san ko kuɗin zai sake sayo masa abin da ya fitar ba. A lokacin dala ta haura naira 1,500. Ko da yake akwai masana'antar siminti a Ashaka, cikin ƙaramar hukumar Funakaye a nan jiharmu, farashi a kasuwar Gombe yana tafiya ne tare da na sauran ƙasa. A cikin watan ne gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka yi maganar buhu ya tsaya tsakanin dubu 7 da dubu 8, amma ni a ranar buhu 19 kuɗina suka saya, na ɗora su a Keke Napep sawu uku.

Da yammacin ranar muka zauna da maginin a kan bulo, ya zana gidan a ƙasa da tsinke, ya lissafa abin da linta da ginshiƙai za su ci, sannan ya ce, "Malam, gaskiya ɗaya ce. Ko dai ka rufe ɗaki biyu ka shiga, ko ka bar uku a buɗe damina ta same su." Na koma gida na faɗa wa matata. Ɗakin na uku shi ne wanda muka yi niyyar ba 'yan matanmu biyu, waɗanda suka fara girma kuma har a lokacin suna kwana ɗaki ɗaya da ƙannensu maza. Ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce, "A rufe biyun, Malam. Mazan sa kwana a falo." Haka aka yi. Katako da kwano sai bayan kakar 2024 na iya saye, da kuɗin riɗi da masara, a lokacin da litar fetur ta wuce naira 1,000, hauhawar farashi kuma a ƙididdigar hukuma ta haura kashi 34 cikin ɗari.

A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 daga dubu 30, kuma da gyaran ya iso kanmu albashina ya ɗan haura dubu 110. A takarda ƙari ne mai kyau, amma ni na daina auna albashi da naira, da buhun siminti nake auna shi. A farkon 2021 albashina na wata yana sayen fiye da buhu 20. A farkon 2025, bayan ƙarin, bai wuce buhu 12 ba. A ganina wannan ma'auni ya fi kowane jawabi bayyana halin da ma'aikaci yake ciki a kan maganar muhalli.

A Janairun 2025 saƙon mai gida ya sake zuwa, wannan karon dubu 300. Muka yi shawara cewa maimakon mu biya, gara mu sa kuɗin a ƙofofi da tagogi da daɓen ƙasa da ramin bayan gida. Ranar da muka je sallama dattijon ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa albarka, ya ce da ma duk ɗan hayarsa zai fita ta wannan ƙofa. Mun tare a watan Afrilu, cikin tsananin zafi, ba silin, ba filasta a waje, katanga kuma ta zana ce. Jimillar abin da littafina ya nuna, daga fili zuwa ranar tarewa, ya ɗan haura naira miliyan 4, kuma ƙungiyar malamai tana bina dubu 600 da ake cirewa a hankali.

Ba zan ce mun daina biyan haya gaba ɗaya ba, domin nisa ma yana karɓar nasa duk wata. Man da nake sha zuwa makaranta ya ninka na da, yara biyu sai an biya musu kuɗin Keke, ruwa muna saye a tanka mu raba da maƙwabci, wuta kuma ƙaramar sola ce mai ɗaukar ƙwai uku da cajin waya. Matata ta rasa yawancin masu kawo mata ɗinki na Tudun Wada, sai yanzu take samun sababbi a hankali yayin da unguwar ke cika, domin gidaje huɗun da na tarar sun haura talatin. Fulotin da ke jikin nawa ta gabas, wanda girmansu ɗaya kuma gona ɗaya aka yanka su, an sa shi a kasuwa kwanakin baya a kan miliyan 3. Mutane suna yi mini barka da cewa na ci riba, amma ni abin bai faranta mini rai ba, saboda ba sayarwa zan yi ba, kuma akwai wani matashin malami a makarantarmu, mai mata da jariri, da ya roƙe ni in raka shi neman fili. Albashinsa bai fi mafi ƙaranci da yawa ba. Mun fita Asabar biyu, kuma inda kuɗinsa zai iya kaiwa ya fi nawa nisa da kwalta sau biyu, rabin fuloti ne kuma, ƙafa 50 da 50. Na ce masa duk wanda ya zaɓa, kada ya ba da kafin alƙalami sai mun je da Kawu.

Tushen ɗaki na uku yana nan a bayan falo, layi uku na bulo a kansa, 'yan matan suna shanya wanki a wurin. Na tara bulo 300 a gefensa na rufe su da tsohon kwano saboda ruwa. Maginin ya ce ana bukatar wasu 250 da siminti buhu 25 kafin a yi maganar rufi, kwasar adashina kuma sai watan Disamba.